Ƙafar Inna da Lambar Sale Mai Awo

Zangonmu na farko Tsafe ne, a kan bencin ƙofar wani shagon kwamfuta kusa da tasha. Ni ce da mahaifiyata, Inna, ƙafarta ta hagu naɗe cikin tsohon ɗankwali, ina kore mata ƙudaje da gefen mayafina. Daga Kucheri zuwa Tsafe ba wata tafiya ba ce, har na ce wa maigidana Malam Lawali kada kowa ya taɓa mini tukunya, zan dawo in tuƙa tuwon dare da hannuna. Sai bayan kwana goma sha tara na sake ganin murhuna.

Ciwon suga Inna take da shi. Ƙaya ta soke ta a gona lokacin roron wake, ta ɓoye mana, tana shafa man kaɗanya a ɓoye har wurin ya zama gyambo. Ma'aikacin ɗakin shan magani na garinmu ya buɗe ƙafar, ya mayar ya rufe da sauri, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai Gusau. Shi ne kuma ya gaya mini akwai shirin gwamnati na kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi. Idan mutum yana da katin shirin, gado da allura da wankin ciwo duk kyauta ne. Katin kuwa ta intanet ake nemansa. Ni malamar firamare ce, ina ganin ba abin da fom zai yi mini, don haka na ce kwana ɗaya ya isa.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu. Ni ce 'yar fari, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya ta gaske. Tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Ke" take ce mini, in kuma tana ba wani labarina ta ce "wagga yarinya", alhali na kai shekara talatin da takwas da 'ya'ya huɗu. Autanta Murtala kuwa, da yake kabu-kabu a Legas, sau goma take ambatonsa a wuni, shi da ba ya aiko da komai sai gaisuwa ta waya. Mutane suna yaba mata wannan kunya. Ni kuwa tun ina ƙarama abin yake ci mini rai, kuma ban taɓa iya ɓoyewa ba. Shi ya sa da na haifi tawa 'yar farin, Zainabu, nake ƙwala mata kira da sunanta tun daga tsakar gida har maƙwabta su ji, tsofaffin unguwa suna ta salati.

Mai shagon na Tsafe Injiniya yake kiran kansa, ko da yake ban ga injin da ya taɓa gyarawa ba in ban da janaretonsa. Ya karɓi katin ɗan ƙasa na Inna ya danna, sai wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar gilashin kwamfutar yana ta juyawa. Ranar na fara ganin wannan zobe, ban san zai zame mini abokin tafiya ba. Muka zauna har la'asar yana juyi. Injiniya ya ce sabis ne, mu dawo gobe. Muka kwana gidan wata ƙawata ta makaranta, muka dawo, zobe yana nan inda muka bar shi. A rana ta uku ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malama, gaskiya layin talakawa ya cushe. Amma akwai wani yaron gidanmu can sama, in an ɗan taɓa shi, yau ɗin nan takarda ta fito."

Na san zancen yana wari, amma ƙafar Inna ta fi shi wari. Na ba shi abin da ya nema. Kafin azahar ya miƙo mini takarda mai launi, har da tambari a sama da sunan Inna da manyan baƙaƙe. Na ninke ta na sa cikin littafin addu'o'ina don kada ta yamutse.

Daga nan sai Gusau. Hanyar ba doguwa ba ce, amma ba wanda yake hira a cikin mota. Kowa ya zuba wa daji ido, a kowane shingen sojoji a tsaya a leƙa mu. Inna tana jikin taga, duk ramin da mota ta faɗa sai in ga ta cije leɓe.

A asibiti wata ma'aikaciya ta karɓi takardar Injiniya, ta duba gaba ta duba baya, ta dube ni.

"Wa ya ba ki wannan?"

Na gaya mata.

"Baiwar Allah, wannan hoton shafin farko ne aka buga miki. Ko shiga ba a yi ba. Ke ce ta biyu yau."

Na ji kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Ni da nake koya wa yara karatu, an ba ni takardar banza na adana ta tsakanin addu'o'i. Likitan da ya duba Inna bai ɓoye mana komai ba. Babban yatsan ya riga ya yi baƙi. Ya ce tana bukatar gado da allurai ta jijiya da wanki kullum, kuma idan baƙin nan ya haura idon sawu, ba makawa sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na tambaye shi kwana nawa muke da su. Ya ce shi ba Allah ba ne, amma kada mu wuce mako biyu. Abin da za a biya idan babu kati, ko mun sayar da hatsin shekara ba zai kai ba. Ya rubuta mana 'yan ƙwayoyi mu riƙa lallaɓawa, ya ce mu je ofishin shirin da kanmu.

Ba mu san kowa a Gusau ba. Muka fito muka bi titi, ina riƙe da Inna tana ɗingishi, har muka tsinci kanmu a Sabon Gari. Ƙafar ta gaza, ta zauna a bakin kwalbati gaban wata rumfar abinci. Mai rumfar ta fito da ludayi a hannu, wata ƙatuwar mace mai tsaga a kumatu. Na ɗauka korar mu za ta yi saboda warin.

"Ke, wagga tsohuwa lahiya? Mi as same ta ga ƙahwa?"

Bayarabiya ce, Maman Tayo ake ce mata, a Gusau aka haife ta, Zamfarcin bakinta ya fi nawa. Ban gama ba ta labari ba ta kira mai keke napep, ta kai mu gidanta a bayan rumfar, ta buɗe mana ɗakin ɗiyarta da ta yi aure. Na fara maganar abin da za mu riƙa biya, ta ce in rufe mata baki kafin ta ɓata mini rai. Kowace safiya ita take dafa ruwan gishiri mu wanke ciwon tare. Miyarta barkono ne zalla, Inna tana ci hawaye na zuba tana cewa ta gode. Da Maman Tayo ta gane, sai ta riƙa tare wata Bafulatana mai tallar nono, ta dama wa Inna fura da hannunta.

Ita ce kuma ta zo da dabarar biro. Ta ce haka aka yi wa mijinta kafin ya rasu. Ta zana layi a kan ƙafar Inna daidai inda baƙin ya tsaya, don mu san ko yana tafiya. Washegari da muka kwance ɗaurin, baƙin ya tsallake layin da kamar faɗin ƙwayar dawa. Ta zana sabo. Tun daga ranar, kafin in yi wa kowa ina kwana sai na duba layin nan.

Ofishin shirin ɗaki biyu ne da baranda. Tun da sassafe ake rubuta suna a wata takarda da ake dannewa da dutse, kuma komai sammakonka sai ka tarar da mutum talatin a gabanka. A nan na san mutane irina: mai ciki wata tara, mai ɗa mai sikila, da wani dattijo Bafulatani daga wajen Mada da ya zo da hoton ƙirjin matarsa a cikin leda. Kullum yana tsugune a inuwa ɗaya da sandarsa. Da an ce babu sabis sai ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To, Allah shi kai mu gobe." Ni kuwa ba ni da irin wannan haƙuri. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In leƙa taga in ga zobe yana juyi, in koma bakin ƙofa, in sake dawowa, har mai gadi ya ce Malama za ki cinye mana siminti.

Ma'aikacin da ke kan kwamfutar sunansa Malam Nasiru, siriri mai tabarau, shi ma da ganinsa ya gaji. Wata rana shafin ya buɗe, wuta ta ɗauke. Wata rana akwai wuta, shafin ya ce ana gyara. Wata rana ya cike fom har ƙarshe, ya danna aikawa, komai ya goge. Da yamma idan na koma Sabon Gari in ji ana kiran sallah daga masallatai goma lokaci guda, babu muryar ladanin unguwarmu a ciki, sai kewar gida ta taso mini. Ina tuna ƙaramata Nana da ba ta barci sai ta riƙe kunnena, da awakina, har da ƙarar ƙofar langa-langarmu da kullum nake yi wa Malam Lawali mita a kanta.

A rana ta biyar a ofishin, ina zaune gaban Malam Nasiru, Inna tana gefena, shafin ya buɗe tas. Ya sa lambar katin ɗan ƙasa, sai ga hoton Inna ya fito, ta ɗaure fuska kamar yadda take yi wa mai hoto. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

"Saura abu ɗaya," in ji shi. "An tura lambar sirri zuwa wayar da ke haɗe da katinta. Minti biyar take yi ta mutu. Karanto mini."

Na zaro wayata na zuba mata ido. Shiru. Na ɗaga ta sama, na kai ta bakin taga. Shiru.

"Malama, lambarki da sittin da biyu ta ƙare?"

Ba da shi ta ƙare ba. Ta Murtala ma ba haka take ba, ta Malam Lawali ma haka. Inna kuwa ba ta taɓa riƙe waya ba. Na juya na dube ta.

"Inna, ranar da aka yi miki katin nan, lambar wa kika bayar?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane. Sai da na maimaita sau uku, minti biyar ɗin suna ƙonewa a gabana, sannan ta ce, "Sale mai awo na."

Sale mai awo maƙwabcinmu ne a da, mai auna hatsi a kasuwa. Shekara uku ke nan da ya kwashe iyalinsa ya koma Bungudu, lokacin da zuwa gona ya fara gagarar mutanen gefenmu. Ba dangin iya ba na baba. Ni ina nan da raina, gidana da na Inna taku hamsin, wayata a hannuna dare da rana, amma lambar Sale aka sa. Ban ce komai ba a ofishin saboda idon mutane. A cikin keke napep ma ban yi magana ba, don na san in na buɗe baki abin da zai fito ba na ɗa da uwa ba ne.

Washegari na bar ta hannun Maman Tayo na kama hanyar Bungudu ni kaɗai. Ban taɓa zuwa garin ba, ban san unguwa ba, suna kawai nake riƙe da shi. Ɗan kabu-kabun da na hau ya ce ya san shi sarai, ya kai ni wurin wani Sale mai faci. Daga nan ya kai ni wurin Sale mahauci. Sai da na gane yawo yake yi da ni don tafiyar ta yi tsawo, na sauka na wanke shi tas a tsakiyar titi, na shiga kasuwa da ƙafata ina tambaya layi-layi. Bayan azahar na same shi a rumfar masu hatsi, ya rame, gemunsa ya yi fari, yana auna wa wani gero da tiyar da ba tasa ba.

Ya yi murna da ganina, ya kai ni gidan da suke haya, matarsa Gwaggo Balki ta rungume ni tana tambayar mutanen Kucheri ɗaya bayan ɗaya. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai Malam Sale ya dafe kai.

"Wayyo ɗiyata. Wanga layi ai ya daɗe da barin hannuna. Ran da munka taso, wayar ta hwaɗi ban san inda ta hwaɗi ba. Da na je a maido mani, sunka ce an ba wani."

Lambar dai tana kansa, ya karanto mini na rubuta. Na zauna a kan tabarmarsu na rasa abin da zan yi, sai na ji bakina yana faɗin abin da ke cikina. Na ce ni ban san laifin da na yi wa Inna ba. Na ce ko baƙo aka tambaye ta ta fi son ta ambata a kaina.

Gwaggo Balki ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Ke Rabi, yi shiru, ba ki san abin da anka yi ba. Ni ina wurin, bayanta nike ga layi. Lambarki na ƙulle ga bakin zanenta, Murtala ya rubuta mata ga 'yar takarda tun kahin shi tahi. Har ta kwance ta. Sai malamin ya ce, lambar wa ta, hwaɗi sunan mai ita in rubuta. Ga mutane cike da rumfa, ga surukanta maza. Sau ukku yana tambaya tana rufe huska. Da layi ya hwara hayaniya, shi ne Malam Sale ya ce a sa lamba tashi a wuce wurin. Ta maida takardarki ta ƙulle."

Ban san takardar nan tana nan ba. Na tuna ƙullin da ke bakin zanen Inna, wanda kullum nake ɗauka goro ne ko canjin cefane. Na so in ji sanyi a raina, amma haushi ya fi yawa, domin kunyar minti ɗaya ce ta jawo mana wannan yawo, kuma ƙafarta ce za ta biya.

Kafin in bar Bungudu na kira lambar. Wani namiji ya ɗauka, da hayaniyar injin niƙa a bayansa, bai faɗi garin da yake ba. Na yi masa bayani, na haɗa shi da Allah. Ya ce ba komai, ai taimako ne, amma in ɗan sa masa kati a wayar don kada ta mutu. Na sa masa. Washegari a Gusau na yi sammako, na samu shiga, Allah ya sa shafin ya buɗe, Malam Nasiru ya tura lambar sirri. Na kira mutumin. Ya ce saƙo ya shigo, yana ganinsa, amma katin jiya ya ƙare, in ƙaro. Na ce ya karanto tukuna, wallahi zan ƙaro. Ya kashe wayar. Na sake kira har sau bakwai, a rufe.

A ranar, da na koma ɗaki, layin biro na huɗu ma baƙin ya tsallake shi. Yatsa na biyu ya bi na farko, kuma abin ya fara hawa bayan ƙafar. Tsakaninsa da idon sawu bai fi faɗin yatsuna huɗu ba. Na auna da hannuna.

Malam Nasiru ya ce hanya ɗaya ta rage, a cire lambar Sale a sa tawa. Amma saboda an sha kama masu canza lambobin tsofaffi suna karɓar magani da sunansu, yanzu sai an ɗauki mai katin a bidiyo, ta faɗi sunanta, ta faɗi cikakken sunan wanda ta yarda a sa lambarsa da abin da yake gare ta, a aika can sama su amince. Na tambaye shi ko za ta iya nuna ni da hannu kawai. Ya ce da baki suke so. Na ce ko a rubuta ta dangwala. Ya ce Malama, ba ni na tsara ba.

Na gaya wa Inna da la'asar, tana kwance, Maman Tayo tana bakin ƙofa tana gyaran wake. Ta saurare ni har na gama.

"Ba ni iyawa," in ji ta.

"Inna, ƙafarki za a yanke."

"A yanke. Ƙahwa guda ta isa ta kai ni inda za ni."

A nan na fashe. Abin da na haɗiye shekara talatin da takwas ya fito gaba ɗaya. Na ce sunana wuta ne da zai ƙona mata baki? Na ce na bar aikina, na bar 'ya'yana, an cuce ni a Tsafe, an yi yawo da ni a Bungudu, wani ɓarawo da ban taɓa gani ba ya ci katina, duk saboda kalma ɗaya. Na ce ta kira Murtala ya zo ya yi jinyarta tunda shi ne mai suna. Maman Tayo ta taso ta ja ni waje tana cewa in ji tsoron Allah, uwa ce. Inna ta juya fuskarta bango, can ta ce, "Ke, ba ni ruwa." Na ba ta cikin fushi.

Kwana biyu muka yi a haka, ba ta sauko ba, ni ma ban sauko ba. Ina wanke ciwon, Maman Tayo tana zana layi, ba mai duban wani. A yammacin rana ta biyu Zainabu ta kira ni daga gida. Shekararta goma sha huɗu, ita na bar wa ƙannenta. Tana jin muryata ta fashe da kuka. Nana tana zazzaɓi, ta ƙi cin komai, tuwo ya ƙone mata sau biyu, ta daina zuwa makaranta. Ɗakin ƙarami ne, ba inda zan ɓuya. Na riƙa cewa, "Zainabu, yi haƙuri. Zainabu, saurare ni. Zainabu, ina nan zuwa." Da na ajiye wayar na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da ban yi ba tun Tsafe. Ban ɗaga kai na ga ko Inna tana kallona ba.

Da gari ya waye, na idar da sallah na juyo, sai na gan ta zaune a bakin katifa, ta yafa mayafinta na zuwa biki, takalmi ɗaya a ƙafar dama.

"Ke, tashi mu tahi. Ɗiyanki na can suna kuka."

A ofishin dattijon nan na Mada ya ba mu wurinsa a layi, ya ce shi ya saba. Da muka shiga Inna ta dubi Malam Nasiru ta ce, "Ɗana, a ce ta hita." Ya ce ba zai yiwu ba, dole mai lambar ta tsaya kusa da ita a gan su tare. Sai ya tashi ya rufe ƙofa da taga, ya ce wa abokin aikinsa ya ɗan ba mu wuri. Na tsaya a gefenta, kafaɗata tana taɓa tata. Ya saita 'yar kyamarar da ke saman kwamfuta ya ce bismillah.

Inna ta kafa wa bango ido. Ta faɗi sunanta. Na ɗauka a nan za ta tsaya. Sai na ga hannunta ya kama ƙullin bakin zanenta ya matse.

"Na yarda a sa lambar Rabi'atu. Rabi'atu Garba. Ɗiyata ta, ta hwari."

Ban taɓa sanin haka sunana yake a bakinta ba. Ta ja ƙarshensa a hankali, kamar yadda kakata take yi. Na dafa teburin. Malam Nasiru ya danna aikawa, zoben nan ya fito ya fara juyi. Ya juya, ya juya, sai shafin ya yi fari.

Ya cire tabaransa ya murza ido. "Inna, ki gafarce ni. Bai tafi ba. Sai an sake."

Na ɗauka za ta tashi ta fita. Ta gyara mayafi kawai ta sake faɗa, wannan karon da ɗan ƙarfi. Zobe ya juya, ya sake katsewa. Ta faɗa karo na uku. Kuma ga gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Ni da na yi kwana goma sha shida ina tsine wa sabis ɗin nan, ni da na auna ƙafar uwata da yatsuna a safiyar ranar, ina tsaye ina kallon zoben nan na ji zuciyata tana roƙon ya ƙara katsewa sau ɗaya. Na yi istigfari nan take. Bai katse ba. A karo na uku ya tafi.

Bayan kwana biyu, ina wanke kwanonin Maman Tayo, wayata ta yi ƙara. Lambar sirri ce, guda shida. Na bar kwanonin cikin kumfa na hau kabu-kabu ba ko mayafin kirki, Malam Nasiru ya sake turo wata ina tsaye a kansa, katin ya fito. A ranar aka ba Inna gado. Likita ya cire yatsu biyu da wani yanki na gefen ƙafar. Ya ce da mun zo da katin mako guda kafin haka, da yatsa ɗaya kawai za ta rasa, da kuma mun ƙara kwana uku, da ba zai ba mu tabbacin komai ba. Ƙanwata ta zo ta karɓe ni jinya, na koma Kucheri na tarar Nana ta warke, ta kuma yi fushi da ni na wuni guda.

Yanzu Inna tana takawa da sanda, tana zuwa gidana da ƙafarta. Ta tsaya a bakin ƙofar langa-langa ta ce, "Ke, kina ciki?" Ban ƙara jin sunana a bakinta ba, ban kuma ƙara nema ba. Da na koma Gusau karɓo mata magani, na kai wa Maman Tayo wake da man shanu, na biya ta ofishin na roƙi Malam Nasiru ya tura mini bidiyon nan a wayata. Ya duba ya ce wanda ya tafi yana can sama, ba shi da ikon taɓa shi, biyun da suka katse kuwa ba su zauna ko'ina ba.

Na ce ba komai. Ina wurin, na ji duka ukun.